Walimar Baƙin Rami

Kafin ƙanwata ta zo hutu waccan shekarar, ni ne mai ilimin gidanmu, kuma ba wanda ke musu. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta ƙasar Wurno, ina da 'yar gonar albasa a fadama, kuma duk wanda takardar Turanci ta zo masa a unguwarmu ƙofata yake bugawa. Idan wata ya yi husufi, ni ake tsayarwa a ƙofar masallaci bayan an idar da salla. Idan aka ji za a saki ruwa daga madatsar Goronyo, ni ake tambaya ko zai ci gonaki, duk da cewa ni ma a rediyo nake ji kamar kowa. Nakan yi shiru kaɗan, in dubi gabas, sannan in ba da amsa. Shirun nan ya ɗauke ni shekaru kafin in gwanance da shi.

Ƙanwar tawa ita ce autar Inna. Tun tana firamare lissafi ya shige mata jiki. Ta yi jami'a a Sakkwato, ta yi aure, aka ba ta gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, suka tafi da mijinta. Idan aka tambaye ni abin da take karantawa, sai in gyara hula in ce ilimin taurari. Mutane su jinjina kai, domin a wajenmu mai ilimin taurari shi ne wanda zai duba maka ranar da ta dace ka tare a sabon gida. Na san abin da suke nufi da jinjinar, ban kuma taɓa gyara musu ba.

Wata rana da rani, ina gona ana cirar albasa, saƙonta ya shigo wayata. Ta ce, "Yaya, aikinmu ya hito," ta haɗo da wata doguwar takarda. Na koma gindin mangwaro na buɗe. Turanci ne, amma ba irin wanda nake karanta wa maƙwabta ba. Na bi kan takardar sau uku, abin da na tsinta shi ne akwai rami, ramin baƙi ne, kuma wani haske na tashi daga gare shi. A ƙasa an jera sunaye kamar na masu jiran takin gwamnati, na bi su da yatsa har na iske nata can a tsakiya.

Abin da ya kamata in yi shi ne in kira ta in tambaya. Amma ni na koya mata riƙe fensir, kuma raina bai ba ni in je ina neman bayani a wajenta ba. Sai na buɗe zauren waya na 'yan garinmu, wanda ake tura sanarwar rasuwa da farashin buhun albasa, na rubuta: "Albishirinku. Ɗiyar garinmu ta gano wani baƙin rami a sararin samaniya mai aman wuta, abin da ya gagari Turawa shekara da shekaru." Maganar Turawan nan ba ta cikin takarda. Ni na ƙara, don na ga saƙon ya yi lami.

Ranar kasuwar Gandi na je sayen igiya, wani dillalin albasa mutumin Rabah ya ba ni labarin a matsayin sabo. Ya ce wata mata daga wajen Wurno ta gano sama ta ɓule, kuma ta ɓular ne zafi ke zubowa yana ruɓar da albasa a rudu, wato rumfar da ake adana ta. Na kusa da shi ya ce a Goronyo ba haka aka ji ba, cewa aka yi ramin yana tsotse ruwan dam. Dillalin ya tambaye ni ko na san gidansu matar. Da na ce ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ya tashi ya ba ni bencinsa, ya aika a kawo mini fura. Na sha furar. Game da sama da ta ɓule kuwa, sai na ce masa ana kan bincike.

Garinmu na da ƙungiyar ci gaba, shugabanta kuma wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da kowa ke kira Ciyaman. Yana ɗora tabarau a goshi, bai taɓa sauko da shi kan ido ba a gabana. A duk shekarun da ya yi yana shugabanci, ƙungiyar ta kafa allon maraba a bakin gari, ta kuma buga kalanda mai hotonsa. Da ya ji ƙanwata za ta zo gida, ya iske ni a zaure bayan sallar azahar.

"Malam, wagga dama ta da ba a bari ta wuce," in ji shi. "Za mu yi walima. Za mu karrama ta. Duniya ta san garin ga ya haihi mutane."

Na ce Allah ya saka da alheri, amma ita ba ta son taro.

"Ba ita za ta so ba, mu za mu so. Kai ka yi gabatarwa. In ta tashi magana kuma ka tsaya kusa ka riƙa hwassarawa, don na san Hausa ta kuɓuce mata."

Na karɓi aikin tafinta ba tare da na yi gardama ba. Har na fara tunanin rigar da zan sa.

Wanda ya fi ni zumuɗi shi ne Baffa, ƙanin mahaifinmu. Lokacin da za ta tafi jami'a, shi ne ya zauna a tsakar gidanmu ya ce lissafin ɗiya mace ba ya wuce auna mudun shinkafa. Yanzu ya kai sabuwar shadda wajen tela, yana bin majalisa yana ba da labarin yadda shi ya fara lura da ita tun tana goye, wai duk yaran gida suna kallon ƙasa ita kaɗai ke kallon sama. Da labarin ya iso kunnen Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Gaskiya yaf faɗa. In ya shigo gida sama ta ka kallo, don kada su haɗa ido."

Ƙanwata ta iso ana saura kwana biyu walima. Ta rame kaɗan, kuma Hausarta ta fi tawa kauri, domin ni na gurɓata tawa da ta littafin makaranta. Tun kafin ta ajiye jaka mata suka cika ɗakin Inna. Sun ji ana ce mata Dakta, wannan ta nuna gwiwa, waccan ta miƙo ƙullin magani a duba mata. Ta yi ta ba su haƙuri tana cewa ba irin wannan Dakta ba ce. Wata gwaggonmu ta fita tana cewa yarinya ta je Turai ta koyo rowa.

Washegari ta raka Inna gaisuwa, hanya ta bi da su ta gaban firamare, ta ga ƙyallen sanarwa da aka ɗaure tsakanin itatuwan dogon yaro biyu. Hoton bikinta aka samo, aka yanke mijin, sai kafaɗarsa ta rage. Kusa da ita mai buga takardu ya zana rijiya, har da bakin siminti, wuta na tashi daga ciki. Hoton Ciyaman na sama, ya ninka nata biyu. Da suka dawo ta aika a kira ni ɗakin Inna.

"Yaya, mi kac ce ma mutane?"

Na ce na taƙaita musu ne yadda za su gane.

"Ni ban gano rami ba. An san da shi tun ba a haihe ni ba. Kuma ba ɗaya na ba, suna da yawa. Kuma ba rami na ba awa na rijiya, suna na kawai anka sa mai."

"To ai kin hange shi da madubin nan naku."

"Ban taɓa sa ido ga madubin ba. Yana can kan wani dutse, ni ban ma taɓa zuwa garin ba. Na'ura ka ɗaukar hoto, ni lambobi su ka iso mani ga kwamfuta."

Na riga na faɗa wa mutane a majalisa cewa madubinta ya kai tsawon hasumiyar masallacin Juma'a, kuma ita kaɗai ke da makullinsa. Na sassauta murya na ce mata ta yi wa Allah gobe ta bar ni in yi yawancin maganar, ita ta yi godiya ta zauna. Ta dube ni ta yi dariya. Na ɗauki dariyar a matsayin yarda, wanda ya nuna ko ƙanwar tawa ban karanta daidai ba, balle takardarta.

Aka yi taron bayan la'asar a filin firamare. An kafa rumfa biyu, an jera kujerun roba, janareto na kuka a bayan aji. Jama'a sun fi yadda muka zata, domin waɗanda suka zo jin makomar albasarsu sun fi waɗanda suka zo karrama kowa. Liman ya buɗe da addu'a. Ciyaman ya karɓi lasifika ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba. Ya ba da tarihin allon maraba. Daga nan ya sanar da cewa ƙungiya ta yanke shawarar neman a sa wa ramin sunan garinmu, kuma za ta rubuta wa hukuma a gina ofishin kula da shi a nan, tunda a nan aka haifi mai shi. Aka tafa. Baffa ya tashi cikin sabuwar shaddarsa ya maimaita labarin goyo, wannan karon har da cewa kalmar farko da ta furta ita ce tauraro.

Sai ni. Na yi magana mai daɗi, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na ambaci dare dubu da ta kwana ba barci. Na ambaci Turawan da suka cire hula. Madubin ya sake tsawo a bakina har ya wuce hasumiya. Da na gama na miƙa mata lasifika, na ja baya taku ɗaya na tsaya a gefenta, hannu a baya, kamar yadda na ga tafintoci na yi.

Ta yi sallama, ta gaida iyaye, ta gode. Sannan ta ce za ta faɗi aikinta yadda yake, don kada wani ya koma gida da tsoro.

Ta ce taurarin da muke gani duk na garke ɗaya ne, kuma akwai wasu garkunan taurari can nesa da ba su ƙirguwa. A tsakiyar manyan garkunan akwai wani abu mai nauyin da ya ninka na rana sau miliyoyi, an dunƙule shi wuri ɗaya, duk abin da ya matso kusa ƙwarai sai ya ja shi, ko haske ba ya kuɓuta. Shi ake ce wa baƙin rami.

Na matso na sunkuya kan lasifikar na ce, "Wato abin da Dakta ke nufi, wata irin rijiya ta ƙudura."

Ta ci gaba kamar ban yi magana ba. Ta ce shi kansa ba a ganinsa. Abin da ake gani shi ne iska da ƙura da ke kewaya shi kafin su faɗa, suna gugar juna har su yi zafi su yi haske. A wasu garkunan abincin nan ba ya yankewa, don haka tsakiyarsu kullum a haske take, yana ɗan ƙaruwa yana ɗan raguwa.

Na sake matsowa. "Wato wutar da nic ce muku shina amai."

Ta juyo ta dube ni da ladabi, irin ladabin da ya fi mari zafi, ta ce a cikin lasifika, "Yaya, don Allah zamna ka huta, tun sahe kana tsaye. Hausa ni ka yi, suna ji."

Dariyar ta fara ne daga ɓangaren mata. Na nemi kujera, babu, domin wani ya ɗauke tawa. Na ƙarasa zama a kan akwatin lemon kwalba.

Ta ce su tuna injin niƙa na bakin kasuwa. Mutum na cikin gidansa yana jin ƙararsa iri ɗaya tun safe har ya daina lura. Sai can ƙarar ta canza ta yi sama, ta ɗan jima, ta koma daidai. Ba ka ga abin da ya faru ba, amma ka san wani abu ya shiga bakin injin da ba gero ba. Ta ce aikinsu ke nan. Na'urori suna ɗaukar hoton sama a kai a kai shekara da shekaru, su kuma suna bin hasken waɗannan wurare. Mafi yawansu ba abin da suke yi sai ɗan motsin da aka saba. Amma kaɗan daga ciki sai su tashi su yi haske mai yawa, wata da watanni, wani har shekara, sannan su lafa. Irin waɗannan suka tsinto suka jera a takarda.

Ciyaman ya ɗaga hannu, bai jira an ba shi izini ba ya karɓi ɗaya lasifikar.

"Ɗiyata, bayani ya yi. To ramin ga namu, bisa wane gari ya ke? Wurno ko Goronyo?"

"Baba, ba shi bisa kowane gari. Nisanshi ya kai hasken da munka gani ya yi miliyoyin shekaru bisa hanya kahin shi iso."

"To maganar suna hwa?"

"Suna da sunayensu, Baba. Lambobi na, awa lambar waya."

Ya taɓa tabaran goshinsa. "Ku nawa kunka yi aikin?"

"Muna da yawa. Wasu ban taɓa ganin huskarsu ba."

"To mi ya ka kawo hasken?"

Ta ce zai iya zama wani tauraro ne ya bi ta kusa, ramin ya yaga shi ya shanye. Zai iya zama tauraro ne ya fashe a cikin ƙurar da ke kewayen. Zai iya zama abincin ne ya ƙaru farat ɗaya. Zai iya ma zama wani abu ne ya gifta tsakaninmu da shi ya tattaro hasken, kamar yadda gilashi ke yi wa rana. Ta ce a wasu sun fi karkata ga ɗaya, a wasu kuma har yanzu ba su tabbatar ba.

"Dut shekarun ga," in ji Ciyaman a hankali, "ba ku tabbatar ba."

"Ba mu tabbatar ba, Baba."

Wani daga cikin manoma ya ɗaga murya ya yi tambayar da ta kawo rabin taron, ya ce to albasa fa. Ta ce albasa ba ruwanta da wannan, in ta ruɓe a duba rudu ko iska na shiga, kuma su sun fi ta sanin haka. Wani ya tambayi abin da gari zai samu. Ta ce in dai abin sa wa a aljihu ne, ba komai. Na ga mutane biyu sun tashi sun kakkaɓe riga sun nufi babura.

A lokacin ne wani tsoho ya miƙe daga can baya. Masunci ne daga wajen Goronyo, ya hau motar kasuwa ya zo don an ce masa ramin zai shanye dam. Rigarsa ta koɗe, kuma bai nemi lasifika ba.

"Ɗiyata, ban gane dut ba, amma kin ce hasken ya daɗe bisa hanya. Ke nan abin da kunka gani ya ƙare tuntuni?"

Fuskar ƙanwata ta canza. Tun da aka fara taron ban ga ta saki jiki ba sai a nan. Ta ce haka ne, Baba, ya ƙare tun kafin a yi mutum ko ɗaya a nan wurin.

"To yanzu, yau ɗin ga, mi shi ka yi?"

"Ba wanda yas sani. Labarin yau bai iso ba, kuma ba za shi iske mu ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce yakan zauna a bakin ruwa da sanyin safiya, sai ya ga ƙaramar igiyar ruwa ta zo ta taɓa gaɓa, ya san wani babban kifi ya juya can tsakiya, amma kafin igiyar ta iso kifin ya daɗe da tafiya. Ta ce wallahi kusan haka ne. Ya tambaye ta ko daga girman igiyar suna gane girman kifin. Ta ce abin da suke ta fama a kai ke nan. Suka shiga hira su biyu, ita a kan dandamali shi a bayan taro, kamar babu Ciyaman babu manyan baƙi. Ni da na yi shekaru ina koyar da sararin samaniya a aji, ko ɗaya daga cikin tambayoyinsa bai taɓa zuwa mini ba.

Da ya gamsu, ya juya zai zauna, sai ya tsaya.

"To wa yac ce sama ta ɓule? Na bar komar kamun kifina na biya mota."

Ba wanda ya ambaci sunana. Kawunan ne kawai suka juyo ɗaya bayan ɗaya zuwa akwatin lemon kwalba. Na miƙe na ce ni ban ce ta ɓule ba, aman wuta na ce, kuma shi ma wayar ce ta canza mini rubutu. Wani malamin makarantarmu, wanda muke zama ofis ɗaya, ya tambaya daga cikin taro ko wayar ce ta ƙara Turawan da abin ya gagara. Har yau ni da shi ba ma cin abinci kwano ɗaya.

Dole aka miƙa allon karramawa, tunda an riga an sassaƙa shi. A jikinsa an rubuta cewa ita ce ta gano ramin sama. Ciyaman ya miƙa mata yana kallon mai hoto, sannan ya tuna yana da wani taro a Rabah, ya tafi kafin a buɗe kulolin shinkafa. Baffa ya zauna ya ci nasa ya ci na Ciyaman. Liman ya rufe da addu'a, ya ce halittar Allah ta fi ƙarfin tunanin bawa, kuma duk wanda aka ba ikon leƙa wani yanki nata ya gode. Ya ƙara da cewa mai ɗaukar labari ya riƙa tambaya kafin ya kai. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, ya yi ta kallon rumfa, kowa kuma ya gane dalilin.

Kafin mako ya zagayo na zama Malam Rami. A makaranta na iske an zana rijiya a allon ajina, da ɗan mutum mai hula yana leƙawa. Hular ta yi kama da tawa ƙwarai.

Kwana biyu ban shiga ɗakin Inna ba. Ana gobe za ta koma, ƙanwata ta iske ni a gona muna jera albasa a rudu. Ta cire takalmi ta zauna a kan buhu, ta ce ta zo ba ni haƙuri. Na ce ba komai, cikin muryar da ke nuna akwai komai. Ta ce da ta bar maganar yadda na tsara ta, da mutumin Goronyo ya koma gida yana jiran dam ya ƙafe. Sai ta ciro wayarta ta nuna mini wani zane. Ɗige-ɗige ne a jere, sun miƙe kamar kunya a gona, can sai suka hau suka yi tudu, suka gangaro a hankali. Ta ce wannan tudun shi ne duk abin da ake magana a kai.

Na daɗe ina kallonsa. A kan wannan aka kafa rumfa biyu, Baffa ya ɗinka shadda.

Na tambaye ta, to a cikin masu yawan nan, ko zan iya cewa ita ce shugaba. Ta ce a'a. Mataimakiyar shugaba fa? Ta ce nata aikin shi ne tantancewa. Na'ura takan kawo dubban wurare ta ce sun yi haske, alhali yawancinsu ƙarya ne, ko hoton ne ya ɓaci ko wani tauraro na kusa ne ya shiga tsakani. Ita ke bi tana fitar da na ƙarya har a samu na gaskiya. Da muka koma gida na faɗa wa Inna haka, ina tsammanin za ta ji kunya a madadinmu. Inna ta ce ashe tsintar tsakuwa a shinkafa take yi, to wannan aiki ne, don wanda bai iya ba sai ya karya wa mutane haƙori. Tun da aka fara maganar ramin, wannan ne karo na farko da na ga Inna ta yi alfahari da shi.

Allon karramawar ƙanwata ta bar shi, ta ce jakarta ta cika. Yana nan a ɗakin Inna, ana rufe tulun ruwa da shi.

Da shekara ta zagayo ƙungiya ta sake yin walima, wannan karon don wani ɗan gari da ya buɗe gidan mai a mararraba. Ba a sa ni a kwamitin jawabi ba, an ba ni kula da jera kujeru. Komai ya tafi lafiya. Mai gidan man ya yi magana jimla uku ya zauna, ba wanda ya yi masa tambaya. Ciyaman ya ce a bana Allah ya ba garinmu ramin da ido ke gani, an haƙa shi a ƙasarmu, kuma akwai fetur a ciki. Aka tafa sosai. A lokacin gidan man ya yi sati uku babu ko ɗigo, kowa a wurin ya sani. Ni ma na tafa, domin injin ban-ruwana fetur yake sha, kuma in man ya zo ina so a gane fuskata a layi.